Rijiyar kowa, gugan aro: wa ke biyan kuɗin manhajar da ake cewa kyauta ce?

Ranar 1 ga Nuwamba 2017 gwamnatin Sudan ta mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya. Maroko kuwa shekaru ke nan tana da wata al'ada, duk azumi sai ta ja agogonta baya da awa guda, bayan salla ta mayar da shi yadda yake. Mai waya a waɗannan ƙasashe galibi ba ya taɓa komai, wayewar gari kawai yake yi ya tarar wayar ta gyara kanta. Ba a cika tsayawa a tambayi wanda ya gaya wa wayar ba.

Akwai wani kundi da ake kira tz. A cikinsa aka tattara ƙa'idojin lokaci na kowane yanki na duniya da tarihin sauye-sauyensu. Android da iPhone da tsarin gudanar da kwamfuta na Linux da harsunan rubuta manhaja irin su Java da Python duk daga cikinsa suke sha. Kano da Zariya suna ƙarƙashin Legas a kundin, Yamai da Duwala ma an ɗaure su da Legas ɗin, tunda agogonsu bai saɓa ba tun daga 1970. Wani ma'aikacin cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka, Arthur David Olson, shi ya fara haɗa shi a 1986, ya kuma ajiye shi a wata kwamfuta ta wurin aikinsa. Shekara ashirin da biyar duniya tana zuwa wannan kwamfuta ɗibar lokaci, ba tare da wata yarjejeniya ko kasafin kuɗi ba. Ranar 30 ga Satumba 2011 wani kamfani mai suna Astrolabe, wanda sana'arsa sayar da manhajar duba taurari ce, ya maka Olson da abokin aikinsa Paul Eggert a kotu, yana cewa sun kwashi bayanai daga wani littafi mallakarsa. Cikin mako guda aka rufe wurin da ake sauke kundin. Mutum biyu masu aikin sa-kai ba su da aljihun shari'a. Sai a tsakiyar Oktoba hukumar ICANN, mai kula da sunayen adireshin intanet, ta karɓi riƙon kundin, a Fabrairun 2012 kuma kamfanin ya janye ƙararsa.

Abin lura shi ne kundin kansa bai ɓata ba ko na minti ɗaya, domin akwai kwafensa a miliyoyin na'urori. Abin da ya ɓata shi ne gidansa, wato wurin da kowa ya san idan ya je zai samu sahihin kwafi na yau. A nan ne yawancin masu yabon buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda aka saki rubutunta ga kowa kyauta, suke yin tuntuɓe, su haɗa abu uku su kira su da suna ɗaya. Akwai rubutun manhajar, akwai masaukinta, akwai mutumin da ke kwana yana tashi da ita. Na farkon ne kaɗai kyauta.

Shi rubutun, lasisinsa ne ya sa ya zama na kowa. Duk wanda ya saki manhaja a ƙarƙashin lasisi irin su GPL ko MIT ya yarda kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ya raba. Yana iya sauya ra'ayi game da abin da zai rubuta gobe, kamar yadda kamfanin Redis ya yi a Maris 2024, amma abin da ya riga ya saki ya saku, shi ya sa wasu suka ɗauki tsohon kwafin suka ci gaba da shi da sunan Valkey. Abu mafi kusa da wannan a wurinmu shi ne wakafi, abin da ba a sayar da shi, ba a gadonsa, ba a kuma kyautar da shi. Sai dai magabatan da suka ƙware a wakafi, a Alƙahira da Istanbul misali, ba sa gina masallaci ko makaranta su tafi haka nan. Sukan haɗa masa da shaguna ko gona ko gidan wanka, kuɗin hayar ya riƙa biyan mai shara da mai kunna fitila da mai gyaran rufi. Sun san gini ba ya riƙe kansa. Buɗaɗɗiyar manhaja wakafi ce da aka manta ba a haɗa mata shagunan ba.

Me masaukin ya ƙunsa? Akwai manyan kwamfutocin ajiya da masu harkar ke kira saba, waɗanda ba a kashe su dare da rana, suna cin wuta suna buƙatar sanyi. Akwai kuɗin data, wanda a nan mai bayarwa ne ke biya, ba mai saukewa kaɗai ba. Akwai wasu injinan daban da ke gwada duk gyaran da aka kawo kafin a karɓe shi, kuma waɗannan su ne masu cin kuɗi a ɓoye, domin gyara ɗaya yakan sa a sake harhaɗa manhajar sau da yawa, don nau'o'in na'urori daban-daban. Akwai kuɗin sabunta sunan adireshi, wanda bai taka kara ya karya ba, amma idan aka manta shi sai wani ya saye sunan. Ga misali ɗaya na girman abin. Alpine Linux ƙaramin nau'in Linux ne da kamfanoni ke matuƙar so saboda rashin nauyinsa, amma a farkon 2025 masu riƙonsa sun ce abin da ake saukewa daga wurinsu ya kai kimanin terabayit 800 a wata. Duk wanda ya saba lissafin gigabayit nawa ya rage masa kafin ƙarshen wata ya san abin da gigabayit dubu ɗari takwas ke nufi.

Tun farko jami'o'i ne suka ɗauki wannan kaya. Lokacin da Linus Torvalds ya saki Linux a 1991, a sabar cibiyar sadarwar jami'o'in Finland aka ajiye shi, kuma mai kula da sabar, Ari Lemmke, shi ya raɗa wa jakar ajiyar suna linux, alhali Torvalds wani suna daban ya zaɓa. Daga baya kamfanoni suka shigo, ba da tsabar kuɗi ba, da kayan aiki. Kamfanin Fastly ne ke ɗauke wa PyPI, rumbun da masu amfani da Python a duk duniya ke sauke kayan haɗi, nauyin isar da su. GitHub, wanda Microsoft ya saya a 2018 kan dala biliyan 7.5, yana ba miliyoyin ayyuka masauki ba tare da karɓar ko sisi ba. A ido abin ya yi kyau, kuma ni ban ga laifin wanda ya karɓa ba.

Amma zanen aro ba ya rufe katara. A ƙarshen 2024 kamfanin Equinix ya sanar zai rufe wani sashe na kasuwancinsa mai suna Equinix Metal. Wannan sashe ne ya daɗe yana ba Alpine da freedesktop.org injina kyauta, kuma a freedesktop.org ne ake aikin abubuwan da ke sa allon kwamfutar Linux ya nuna hoto, irin su Wayland da Mesa. Kwatsam aka ce musu zuwa ƙarshen Afrilun 2025 su nemi wani gidan. Babu mugunta a ciki, kamfani ne ya duba littafinsa ya ga wannan layin ba ya fitar da shi. Kamfani yana ba da irin wannan kyauta ne domin suna, domin jawo ƙwararrun ma'aikata, ko don shi ma yana amfani da manhajar. Duk dalilai ne na gaske, kuma duk suna iya gushewa a zaman hukumar daraktoci guda ɗaya, wanda babu wakilin masu aikin sa-kai a cikinsa.

Ba yau aka fara ba. Daga 2002 masu aikin Linux suna amfani da wata manhajar kasuwa mai suna BitKeeper wajen tsara gyare-gyarensu, bisa alfarmar mai ita. A Afrilun 2005 aka samu saɓani, ya janye alfarmar. Torvalds ya zauna cikin 'yan kwanaki ya rubuta Git don ta maye gurbinta, wadda yau kusan kowa da ita yake aiki. Mutane na son ba da wannan labari saboda ƙarshensa ya yi daɗi, suna mantawa cewa ba kowane aiki ke da Torvalds a gida ba. SourceForge, wanda a da shi ne babban masauki, a 2015 aka kama shi yana cusa tallace-tallace a cikin kwafen GIMP, wata manhajar gyaran hoto, da mutane ke saukewa, ba da yardar masu manhajar ba. Google ya rufe nasa masaukin, Google Code, a 2016. Akwai kuma wata fuskar da ta fi shafar mutanenmu: gidan aro yana bin dokar ƙasar mai gida. A Janairun 2010 SourceForge ya toshe masu shiga daga ƙasashe biyar saboda takunkumin Amurka, har da Sudan. Lasisi ya ce manhajar ta kowa ce, mai gadin ƙofa ya ce ban da kai.

Duk da haka, idan aka ce in zaɓi lissafi ɗaya da ya fi fayyace matsalar, zan ɗauko na Jami'ar Jihar Oregon. Tun 2003 jami'ar take da wata cibiya mai suna Open Source Lab, wadda ke ba ɗaruruwan ayyuka masauki da injinan gwaji, cikinsu har da nau'o'in Linux irin su Debian da Gentoo da Fedora. A ƙarshen Afrilun 2025 daraktanta, Lance Albertson, ya fito ya ce tallafin kamfanoni ya ragu, tsangayar injiniya da ke cike giɓin ta ce ba za ta iya ci gaba ba, kuma idan ba a samu alƙawarin dala 250,000 kafin 14 ga Mayu ba za a fara shirin rufewa. Ya kuma fasa kuɗin: dala 150,000 na ma'aikaci ɗaya ne, 65,000 na ɗalibai takwas da ke taya shi, 35,000 na sauran buƙatu. Wato kashi 86 cikin ɗari na mutane ne. Injinan yawanci kyauta ake ba su, ɗakin ajiye su na jami'a ne. Abin da aka rasa mai biya shi ne hannun da zai taɓa su. An samu kuɗin cikin 'yan kwanaki bayan labarin ya bazu, amma na shekara ɗaya ne.

Wannan ya tuna mini da burtsatsen unguwarmu. A shekarar zaɓe aka haƙa shi, aka zo da maroƙa, aka kafa allo mai ɗauke da sunan mai girma. Da injin cikin ramin, wanda masu gyara ke kira sumo, ya ƙone, mun sha wahala amma mun haɗa kuɗin wani, domin abu ne da ake gani, kowa ya san farashinsa. Abin da ba mu taɓa sa wa farashi ba shi ne wani dattijo ɗan fansho da makullin ke hannunsa. Shi ke tashi ƙarfe biyun dare idan an kawo wuta ya kunna, ya zauna a kan benci da tocilan har tanki ya cika, ya kashe. Shi ya san ƙarar da injin ke yi idan wutar ba ta da ƙarfi. Da ya kwanta jinya mako uku, injin lafiyarsa ƙalau, tankin kuwa ko ɗigo babu. Sai a lokacin wasu suka fara tambayar wai dama wa ke kunnawa.

Duniyar manhaja ta yi irin wannan tambaya ranar 7 ga Afrilu 2014, da aka bayyana ɓarakar da aka yi wa laƙabi da Heartbleed a cikin OpenSSL. OpenSSL ita ce ke kulle sirrin abin da ke wucewa tsakanin mai amfani da shafukan banki da na saƙonni, kuma kuskuren ya shafe shekara biyu a ciki ba a gani ba, ya bar kusan sabobi rabin miliyan a buɗe. Da aka waiwaya aka duba, sai aka tarar gudummawar da aikin ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, ban da 'yan kwangilolin da suke yi don rufin asiri, kuma mutum ɗaya ne tak ke aikin a matsayin cikakkiyar sana'a. Kunya ta kama manyan kamfanoni, Linux Foundation ta tara su, kowanne ya yi alƙawarin dala 100,000 a shekara har shekara uku.

Shekara goma bayan haka aka ga abin da ya fi wannan tayar da hankali. XZ Utils wata 'yar manhaja ce ta matse fayil da ke cikin kusan kowane tsarin Linux, kuma mutum ɗaya, Lasse Collin, shi ke riƙe da ita tsawon shekaru a lokacin hutunsa. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara kawo gyare-gyare a 2021, masu kyau, cikin ladabi. A gefe guda wasu sunaye da ba a san su ba suka riƙa matsa wa Collin da ƙorafin aiki ya tsaya, ya ba wani dama mana. Ya ce musu aikin sha'awa ne ba biyansa ake yi ba, amma a ƙarshe ya ba Jia Tan ikon sakin sabon kwafi. A farkon 2024 aka dasa ɓarauniyar ƙofa a cikin kwafe biyu, wadda da ta bazu za ta ba mai ita damar shiga sabobi marasa adadi. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura shigarsa wata na'ura ya ƙara jinkirin kimanin rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tona asirin ranar 29 ga Maris. Wanda ya shirya wannan aiki bai fasa katanga ba. Ya duba ya ga mai gadi ya gaji, ya zo ya ce kawo in taya ka riƙe makulli.

To me ya sa kuɗin ke wuyar taruwa, alhali masu cin moriyar su ne mafiya arziki a duniya? Rowa na ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Da farko, yawancin kamfanoni ba su ma san abin da suka dogara da shi ba. Manhaja ɗaya takan jawo wasu ɗari a ƙarƙashinta, kowace ta jawo nata, mai amfani na sama bai taɓa jin sunan ta ƙasa ba. Bayan ɓarakar da aka gano a wata manhaja mai suna Log4j a Disamban 2021, Daniel Stenberg, ɗan Suwidin da ke riƙe da curl, wata manhajar aikawa da karɓo bayanai ta intanet, tun 1998, ya samu takarda daga wani katafaren kamfanin Amurka. An jero masa tambayoyi, an ce ya amsa cikin awa 24, da salon da ake yi wa ɗan kwangilar da ya ci kuɗi. Curl ba ta da wata alaƙa da Log4j, kuma kamfanin bai taɓa biyansa komai ba. Ya mayar musu da cewa zai amsa da zarar sun sa hannu a yarjejeniyar biyan kuɗin tallafi. Takardar ta nuna yadda abin yake a cikin manyan ofisoshi: an san yadda ake neman haƙƙi, ba a san akwai bashi ba.

Na biyu, ofishin kuɗi na kamfani bai iya sadaka ba, rasit ya sani. Injiniyan da ke son a taimaka wa wani aiki sai ya rasa layin da zai sa kuɗin a kasafi, kuma sau da yawa aikin ba shi da rajista, ba shi da asusun banki, mutum ne kawai da kwamfutarsa. Wannan giɓi ne gidauniyoyi suka zo cikewa, irin su Apache da aka kafa a 1999 da Software Freedom Conservancy a 2006. Suna riƙe kuɗi da sunan aiki, su sa hannu a takardu, su tsaya masa idan an kai ƙara, wato abin da Olson ya rasa a 2011. Amma gidauniya tana iya ɗaukar ayyuka ƙalilan ne, kuma waɗanda suka riga suka yi suna ne ke samun shiga.

Na uku shi ne wanda ɗan Najeriya ba ya buƙatar a yi masa bayani. Mai ba da kuɗi yana son sabon abu da za a kafa wa allo. Babu wanda ake yi wa tafi don ya biya kuɗin sauya faifan ajiyar da ya tsufa, ko albashin mai karanta rahoton kurakurai. Kuɗi kan zo ne bayan gobara, ya yi shekara biyu ko uku, hankali ya koma wani wuri.

Kada kuma a ɗauka zuba kuɗi kawai zai warware komai. A 2006 wasu 'yan Debian suka tara kuɗi don a biya mutum biyu masu jagorancin fitar da sabon kwafi, dala 6,000 kowanne na wata guda, don aikin ya fita a kan lokaci. Sai rigima ta tashi. Wasu da suka shekara suna aiki a banza suka ce ashe akwai 'yan bora da 'yan mowa, wasu suka ja baya da aikinsu. Kwafin da aka so ya fita a Disamba bai fita ba sai Afrilun 2007. Duk wanda ya taɓa shiga aikin gayya ya san ranar da aka fara ba wasu ladan kuɗi a gaban wasu, ranar gayya ta fara mutuwa. Kuɗin hukuma ma yana zuwa da igiyarsa. A Oktoban 2025 gidauniyar Python ta janye neman tallafin dala miliyan 1.5 daga hukumar kimiyya ta Amurka, bayan an amince za a ba ta, saboda sharaɗin da aka gindaya na ta daina duk wani shiri na jawo waɗanda ba su da wakilci sosai a harkar, tare da barazanar karɓe kuɗin ko an kashe. Kuɗin da ma na tsare PyPI ne.

A ganina hanyoyin da suka fi alamar ɗorewa su ne waɗanda suka yi kama da shagunan wakafi. Werner Koch, Bajamushen da ya fara GnuPG a 1997, manhajar da 'yan jarida da masu fafutuka ke ɓoye saƙonni da ita, ya kusa ajiye aikin saboda talauci. A Fabrairun 2015 wani rahoton jarida ya fallasa halin da yake ciki, gudummawa ta yi ta kwarara, Facebook da Stripe kowanne ya yi alƙawarin dala 50,000 a shekara. Amma abin da ya tsayar da shi da ƙafafunsa daga baya ba wannan ba ne. Kamfaninsa ya fara sayar wa hukumomin Jamus wani nau'in manhajar da aka tantance, haɗe da tallafi, har a farkon 2022 ya sanar cewa masu ba da gudummawa suna iya karkatar da ita ga wasu. Manhajar tana nan a buɗe ga kowa, shagon da ke gefenta ne ke ciyar da ita. Ita kuma gwamnatin Jamus a 2022 ta kafa asusu na musamman, Sovereign Tech Fund, wanda ke kallon irin waɗannan manhajoji kamar hanya da gada, yana biyan kuɗin gyara da kulawa. GNOME, masu haɗa fuskar allon da ake gani a kwamfutocin Linux da yawa, ta samu yuro miliyan ɗaya daga gare shi a 2023. Sai dai ba kowace manhaja ke da abin sayarwa ba. Wa zai sayi tallafin kundin lokaci, ko na 'yar manhajar matse fayil?

Ana cikin wannan sai ga sabon nauyi. Na'urorin da ke yawo suna kwasar rubutu domin horar da ƙirƙirarriyar basira sun afka wa waɗannan masaukai, suna buɗe kowane shafi da kowane tsohon gyara, ba dare ba rana. Wikimedia, gidauniyar da ke riƙe da Wikipedia, ta ce daga Janairun 2024 datar da ake ja wajen sauke hotuna da bidiyo a wurinta ta ƙaru da rabi, kuma kashi 65 cikin ɗari na zirga-zirgar da ta fi cin kuɗi daga irin waɗannan na'urori take. GNOME da wasu sun koma sa wani shinge mai suna Anubis, wanda ke tilasta wa duk mai shigowa ya yi ɗan lissafi kafin a buɗe masa. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A Satumban 2025 masu riƙe da manyan rumbunan manhaja, ciki har da na Python da Rust da Java, suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa tsarin ba zai ɗore a haka ba, dole masu ɗiba da yawa don kasuwanci su fara ɗaukar wani kaso na kuɗin.

Ina tare da su a kan wannan, amma a nan ne ya kamata mu buɗe ido, domin yadda za a auna ɗibar ya shafe mu kai tsaye. A Nuwamban 2020 Docker Hub, wani babban rumbun sauke manhaja, ya sa iyaka ga wanda bai yi rajista ba, saukewa 100 cikin awa shida, kuma da adireshin intanet na na'ura ake ƙirgawa. Kamfanonin waya a ƙasashenmu sukan cusa ɗimbin masu amfani a bayan adireshi ɗaya, haka ma jami'a ko cibiyar koyon kwamfuta. Ɗalibi a Kano ko Damagaram yana iya tarar an ce ya cinye rabonsa alhali bai sauke komai ba, maƙwabtansa na adireshi ne suka cinye. Shingen lissafin nan ma, kwamfuta mai ƙarfi ba ta jin sa, tsohuwar waya ce ke tsayawa tana zafi. Kuma dogaronmu ba na ɗalibai kaɗai ba ne. DHIS2, tsarin da ma'aikatun lafiya na Najeriya da Nijar ke tattara alƙaluman asibitoci da shi, buɗaɗɗiyar manhaja ce da ake kula da ita daga Jami'ar Oslo da kuɗin masu ba da agaji. Ranar da masu agajin suka juya baya, lasisin zai ci gaba da cewa tamu ce, tambayar ita ce wa zai riƙa gyara ta.

Mu ma a unguwa mun kai ga wannan gaɓa. Bayan dattijon ya warke aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa, aka yanka masa ɗan abin sayen goro duk wata, wanda da farko ya ƙi karɓa, sai da aka haɗa shi da liman. Aka kuma duba masu ɗiba, aka ga rabin tankin wani mai buga bulo ne ke kwashe shi, yana turo yaransa da durom-durom tun da asuba. Aka yanke cewa bokiti da jarka kyauta ne, durom kuwa sai an biya. Ya biya na mako biyu. A na uku yaransa suka daina zuwa, muka ji labari sun koma burtsatsen unguwar da ke bayanmu, inda har yanzu ba a fara karɓar komai ba.